Na fita takaba, amma gidan ya yi mini faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 54, a cikin birnin Kano nake zaune. Maigidana ya rasu wata tara ke nan, na fita takaba lafiya. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakin mazajensu, namijin yana aiki a Legas. Abokiyar zamana ta koma garinsu bayan rabon gado. Daga ni sai jikata 'yar shekara tara a gidan. Da magariba ta yi sai kuka ya zo mini, salla ma yi kawai nake, ba na jin daɗinta kamar da. 'Yan'uwa suna cewa ƙarancin tawakkali ne. Akwai kuma wata tsohuwa a lungunmu, Iya muke ce mata, idonta ya yi rauni, ba ɗa ba jika, har wasu suna cewa mayya ce. Raina yana son in taimake ta, amma ni ma da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake riƙe kaina. Shin imanina ne ya yi rauni? Kuma wanda bai ƙoshi ba, yaya zai yi ya ciyar da wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya kai haske kabarinsa, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Masu ce miki ƙarancin tawakkali ne sun yi kuskure, ko da kuwa da kyakkyawar niyya suka faɗa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake cikawa, Annabi ya zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, har yau malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Ba ki ambaci ko ɗaya daga ciki ba.

Kuma lokacin da abin ya taso miki ba baƙo ba ne. Wata huɗu da kwana goma na takaba gida a cike yake: masu gaisuwa, masu kwana, 'yan sadakar arba'in, masu aiko da kwano. Ranar da aka yi wankan fita sai ƙafa ta ɗauke, kowa ya ɗauka an wuce wurin, alhali a lokacin ne mace take fara jin shirun gidan da kunnenta. Magariba kuma ita ce lokacin da kika saba jin sallamarsa a zaure, ki miƙe ki ɗauko buta da kwanon tuwo. Jiki ya riƙe wannan sabon shekara da shekaru, ba zai sake shi a wata tara ba.

Kafin mu je ga Iya, abu ɗaya ya kamata ki tantance. Idan kin kai mako biyu ko fiye a jere ba barcin kirki, abinci ba ya shiga, kina ramewa, kin kasa suyar da kika saba, ko kuma kina jin gara ki bi shi ki huta, to wannan ya wuce alhini, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen masu wannan larura, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ki sa a auna jininki a tafiyar, domin a shekarunki idan awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama, sai an kula. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne sayen ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba. Tana kwantar da mutum mako na farko, daga baya ta zama ba a iya barci sai da ita.

To, ga maganar salla da kika ce ba kya jin daɗinta. Ki ci gaba da yi a kan lokaci, ko da daɗin ko babu. Kuskuren da masu alhini suke yi shi ne su ɗora wa kansu ibada mai nauyi, izu biyar a rana da tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis gaba ɗaya, kwana goma su gaji su saki, sai shaiɗan ya ce ai ga shi nan, dama imanin ya tafi. Annabi (SAW) ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ki ɗauki abin da za ki iya ko ranar da ba ki da lafiya: azkar na safe da na yamma, sumuni biyu ko rabin izu bayan asuba, shafa'i da wutiri kafin ki kwanta. Idan ƙarfi ya dawo kika kai izu ɗaya a rana, wata biyu kin sauke. Ki riƙe addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin da mijinta Abu Salama ya rasu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Ita ma da farko tana ganin wa zai fi Abu Salama, sai Allah ya musanya mata da Manzonsa. (Ba muna tura ki aure ba ne, amma idan mutumin kirki ya fito, shekara 54 ba ta rufe ƙofar ba, kuma kunyar 'ya'ya ba hujja ba ce.)

Ki kuma zauna da Suratul Duha da fassararta. Ta sauka ne bayan wahayi ya yi jinkiri har mushrikai suka fara cewa Ubangijin Annabi (SAW) ya rabu da shi. Allah ya rantse cewa bai bar shi ba, bai ƙi shi ba. Ya tuna masa cewa ya same shi maraya ya ba shi makoma, ya same shi mabuƙaci ya wadata shi. Sannan bai tsaya a lallashi ba, sai ya ba shi aiki: maraya kada ka ƙuntata masa, mai tambaya kada ka tsawata masa. A ganinmu tambayoyinki biyu a nan suka haɗu. Zuciyar da take karkata ga wata tsohuwa da kowa ya guje wa, a daidai lokacin da ita kanta take cikin ƙunci, ba zuciyar da imani ya bari ba ce. Kuma kina buƙatar Iya kusan kamar yadda take buƙatarki, domin abin da ya fi cin ki shi ne kin wayi gari babu wanda yake jiran kwanonki.

Sai dai taimako yana da yadda ake yinsa, kuma yawanci ba rashin niyya ke ɓata shi ba.

Ki fara da ƙarami. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya ƙara masa ruwa ya kula da maƙwabtansa, ya kuma ce wa mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Wato ba tukunya ta biyu ake nema daga gare ki ba. Duk lokacin da za ki ɗora sanwar dare, ki ƙara gwangwanin madara ɗaya na gari ko shinkafa da ludayi biyu na ruwan miya. Wannan ya ishi tsohuwa cin dare. Kada ki ce za ki ɗauki safe da rana da dare. Masu farawa da haka wata guda suke yi su sare, kuma tsohon da aka saba masa aka yanke ya fi wanda ba a taɓa ba shi ba shan wahala, domin sauran maƙwabta sun riga sun janye hannu suna cewa Hajiya ta ɗauke. Sau ɗaya a rana, a lokaci guda sananne. Kuma daga riba za ki yi, kada ki taɓa uwar kuɗi. Idan jarin gyaɗa ya karye ku uku za ku shiga uku, ke da jika da Iya. Hadisi ma cewa ya yi ka fara da wanda ciyar da shi yake wuyanka.

Lokacin da muke ba ki shawarar kai mata abincin shi ne daidai wanda kuka yake zuwar miki. Ki idar da sallar magariba, ki ɗauki kwano da kanki, jikarki ta riƙe tocila, ku shiga. Kada ki mayar da abin aike, a miƙa a bakin ƙofa a juyo. Ki zauna a tabarmarta kamar rabin sa'a, wani lokacin ki sa hannu ku ci tare, ki karanta mata abin da ya sawwaƙa daga Alƙur'ani tunda idonta ya daina ba ta dama, kafin kiran isha'i kin dawo. Tsohon da yake shi kaɗai yakan yi kwana biyu bai yi magana da kowa ba, saboda haka kwanakin farko za ta riƙe ki da zance, labari ɗaya sau uku. Ki saurara.

Abincin ma a duba. Mai tsufa haƙora sun zube, cin kuma ya ragu, don haka ɗan abin da zai shiga ya zama mai amfani: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake da ya nuna luguf, alale, kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai idan an samu. Ke ma kina da abin da ya fi dacewa a hannunki, ki daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi ki zuba cokali biyu a miyarta ko a kununta. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano kaɗan, sukari kuma a dakata har a gwada ta a san ko tana da ciwon suga. Rashin ruwa ya fi rashin abinci saurin kayar da tsoho, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano yake kan ganiyarsa. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun fita banɗaki cikin dare. Ki ajiye mata ruwa a rufe inda hannunta zai kai, da fo a gefen shimfiɗa. Idan gudawa ta kama ta, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi, tana kurɓa a hankali. In ta fara ruɗewa ko fitsari ya ɗauke, sai asibiti.

Za ki shiga ɗakin ki ga tarkace, hannunki ya yi ƙaiƙayin gyara. Ki dakata. Wanda ba ya gani da hannu da ƙafa ya haddace ɗakinsa, in kika matsar da buta ko kujera ba ki gaya mata ba, ita ce za ta yi tuntuɓe, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Duk abin da za ki taɓa ki faɗa mata, ki mayar da shi inda yake. Abin da ya fi shara amfani shi ne igiya mai ƙwari da za a ɗaura daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki daidai tsayin ƙugu, a kwashe duwatsu da guntayen itace daga hanyar. Lokacin sanyi kada a bar mata kaskon garwashi a rufe ƙofa, hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum cikin barci, ga kuma gobara. Bargo da safa sun fi. Gidan sauro dole ne da damina. Idan ta kai ga kwanciya ba ta iya juyawa, a riƙa juya ta duk bayan sa'a biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da gadon baya da dunduniya za ta ɓare ta zama gyambo. Ki kuma duba ledar magungunanta. Tsofaffi da yawa suna shan ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla kullum, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda suke cin ciki da ƙoda.

Idon nata kada a yanke masa hukunci a gida. Da yawan makantar tsufa yanar ido ce, aiki ne ɗan gajere a cire ta mutum ya koma gani. Kano tana da asibitin ido na Makka da na ECWA, kuma akan yi aikin ido kyauta lokaci-lokaci, ana sanarwa a rediyo. Likita ne zai bambance ko yana ce ko hawan jinin ido, wanda shi abin da ya tafi ba ya dawowa sai dai a tsare sauran. Kada a bari masu yawo gida-gida su tsokane mata ido da sunan aiki, kuma kada a ɗiga komai da ba likita ya rubuta ba.

Yanzu maganar maita, wadda ita ce za ta fi ba ki wahala. A unguwanninmu wa ake kira mayya? Kusan kullum tsohuwa ce matalauciya wadda ba ta da namijin da zai tsaya mata. Ba a cika jin an jefi uwar mai kuɗi da wannan kalma ba. Abubuwan da ake kafa hujja da su, surutu ita kaɗai, fita tsakar dare, kiran sunayen matattu, ƙura wa mutum ido, alamu ne na ruɗewar tsufa da raunin gani da kaɗaici. Allah ya ce a nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, kuma wannan zaton ya sha jawo jifa da kora har da kisa. Kada ki tsaya musu da kowa a gidan biki. Abin da za ki yi shi ne kafin ki fara ki aika a sanar da liman da mai unguwa, kuma zuwan farko ki tafi da rana tare da matar liman ko malamar Islamiyyarku. Ki kuma shirya wa ranar da jikarki za ta yi zazzaɓi, don za ta yi kamar kowane yaro, kuma a ranar za a ce ai ga irinta nan. Ki kai ta a yi mata gwajin maleriya, ki faɗi sakamakon a fili.

Sanar da mai unguwa yana da wani amfanin. Tsohuwar da aka ce ba ta da kowa, ranar da aka ji wani yana shiga ɗakinta sai dangi su ɓullo su ce gidan ake so a cinye. Ita kanta idan mantuwa ta yi ƙarfi za ta iya ɓoye ƙullin kuɗinta ta manta, ta ce an sace. Saboda haka kada ki karɓi ajiyarta ke kaɗai, kada ki bar jikarki ta shiga ɗakin babu babba, kuma duk kuɗin da wani ya ba ki dominta ki rubuta a littafi da kwanan wata da abin da aka saya. Ranar da ta zarge ki, ko ta ture kwanon ta ce miyar ba gishiri, ki tuna ciwo ne yake magana. Kada ki ce mata duk abin da nake yi miki. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta ce gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Ɗaukar hotonta a yaɗa a WhatsApp ko Facebook don neman taimako ba da saninta ba shi ma tonon asiri ne, ko da kuɗin ya shigo.

Ki bar ta ita ma ta ba ki wani abu. Mutum ba ya son ya zama hannun karɓa kawai, ko da ya kai shekara casa'in. Ki kai mata gyaɗa a faranti ta ɓare miki, ko zogale ta tsinke, ki biya ta kamar yadda za ki biya wani, ki nemi addu'arta ga maigida. Za ki ga zamanta ya canza.

Bayan wata guda, idan mutane sun ga kina shiga kina fita lafiya, sai ki jawo wasu. Gida bakwai, kowane gida ya ɗauki kunun safe na rana ɗaya a mako, ke kina riƙe da na dare. A sa wa kowa ranarsa, domin "duk wanda ya samu ya kai" ma'anarsa ranar Juma'a kwano huɗu, ranar Talata babu ko ɗaya. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda dattawan mata da ake kira jaji suke jagorantar 'yan'uwansu mata wajen karatu, kuma yawancinsu matan da suka gama raino ne kamarki. Idan akwai Islamiyyar matan aure kusa da ke, ki shiga ko ki koma, can za ki sami waɗannan gidajen, ke ma ki sami inda ake cigiyarki in ba a gan ki ba.

Abin da ya fi ƙarfin kwano, kamar kuɗin asibiti ko gyaran rufi kafin damina, ba naki ba ne ke kaɗai. Iya tana cikin kashi biyu na farko na mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka, wato faƙirai da miskinai. Ki gaya wa ɗanki na Legas da surukanki da 'yan kasuwar unguwa, kuma mai unguwa ya san hanyar Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. Da ƙaramar salla ki roƙi maƙwabta su ware mata daga zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu ne a kan kowane mutum, gida mai mutum biyar mudu ashirin ke nan. Amma kada a jibge mata tsabar gero a ɗaki, ba za ta iya surfe ba balle niƙa, ɓera da ƙwari ne za su ci. A shanya shi ya bushe sosai, a zuba a jarka mai murfi a gidan da aka amince, da saninta da sanin liman, ana ɗiba ana sarrafa mata.

Idan kun saba, wata rana da hankalinta yake kwance, ki tambaye ta garinsu da sunayen danginta da ko akwai bashi a kanta ko wasiyya. Tsofaffin da ba su da kowa abin da ya fi hana su barci shi ne wa zai yi musu wanka da sutura, kuma sukan ji sanyi idan an ba su damar faɗa. A yi maganar gaban shaidu biyu, a rubuta, takarda ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin mai unguwa. Duk ranar da za ki yi tafiya kuma, ko wankan jego ne na kwana uku a gidan 'yarki, ki gaya wa Iya ranar dawowarki da sunan wadda za ta kawo kwanon dare a madadinki.